Ƙarfe huɗu ba lokacin take wasa ba ne a bazarar Kebbi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da yake dawo mana kowace shekara daga watan Maris har zuwa saukar damina, wato yadda muke motsa jiki a waje cikin zafin bazara, musamman a nan Jihar Kebbi. Na koyar da wasanni a makarantun sakandare kafin in ajiye aiki, kuma har yanzu ina leƙa filayen unguwa da yamma, saboda haka abin da zan faɗa ya haɗa abin da na karanta da abin da idona yake gani. Ra'ayina shi ne, mafi yawan haɗarin da ke tattare da motsa jiki a wannan lokaci yana hannun mutum biyu, wanda ya tsayar da lokacin wasa da wanda yake riƙe da usur, kuma da za su gyara nasu ɓangaren da yawancin yaran da muke gani suna zubewa a fili ba su zube ba.

Bari in fara da lokaci, domin shi ne abin da muka gada ba tare da mun taɓa tambayar dalilinsa ba. Kusan duk gasar ƙwallon ƙafa da ake shiryawa, daga ta unguwa a Birnin Kebbi da Jega da Argungu har zuwa ta makarantu, ƙarfe huɗu ake rubutawa a takardar sanarwa, da zarar an idar da sallar La'asar. Agogon Najeriya guda ne daga Maiduguri har Kamba, amma rana ba ta bin agogo. Mu muna can ƙarshen yammacin ƙasar, saboda haka rana tana riskar mu a makare da fiye da rabin awa idan aka kwatanta da Borno, kuma a Birnin Kebbi ba ta tsayuwa tsaka sai wajen ƙarfe ɗaya saura kwata. Bayan ta tsaya ma zafi bai kai ƙarshensa ba, domin ƙasa da kwalta da bangon gidaje suna ci gaba da tara zafi suna amayar da shi cikin iska har na tsawon awa biyu zuwa uku. Ke nan ƙololuwar zafin yini a wurinmu tana faɗawa tsakanin ƙarfe uku da huɗu, daidai lokacin da yaranmu suke ɗumama jiki suna jiran alƙalin wasa ya hura usur. A watan Afrilu ma'aunin zafi yakan kai digiri 40 ko ya haura, wasu ranakun har 43 ko 44, kuma ya kamata mai karatu ya sani cewa wannan adadi a inuwa ake auna shi. Wanda yake tsaye a tsakar fili mai rairayi, rana tana dukan sa daga sama, ƙasa tana turo masa nata daga ƙasa, abin da jikinsa yake fama da shi ya zarce abin da aka faɗa a rediyo.

Manoman da suka haife mu ba su san ma'aunin zafi ba, amma sun san wannan tsari sarai. Mai sharar gona a bazara yana fita ne bayan sallar Asuba, kafin rana ta take ya dawo inuwa, kuma ba ya komawa sai ta yi sanyi. Kokawa da dambe ma lokacinsu na asali bayan kaka ne, kuma da yamma liƙis ko cikin farin wata ake taruwa a dandali. Addini ma ya ba mu misali, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni idan zafi ya tsananta a jinkirta sallar Azahar har a sami sauƙi. Idan an yi sassauci a kan sallar farilla saboda zafi, ban ga hujjar da kwamitin gasar unguwa zai kafa ba wajen cewa lallai sai ƙarfe huɗu.

Dalilin da ya sa awa guda take da muhimmanci haka yana cikin yadda jiki yake aiki. Zafin cikin jikin mai lafiya yana zama ne a wajen digiri 37, kuma duk lokacin da tsoka ta yi aiki, kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da ta ƙona yana komawa zafi ne, ragowar kaɗan ce take zama gudu ko bugun ƙwallo. Dole wannan zafi ya fita. Idan iskar waje ta fi fata sanyi, wani ɓangarensa yana fita da kansa, amma da zarar iska ta wuce digiri 35 sai ta koma ƙara wa jiki zafi, ya zama hanya ɗaya ce ta rage, wato gumi ya tsattsafo ya bushe a kan fata. Haka randar ƙasa take sanyaya ruwa: danshin da yake tsattsafowa ta jikinta yana bushewa a iska yana tafiya da zafin, shi ya sa randar da aka shafe da fenti ko aka ajiye inda iska ba ta ratsawa ba ta ba da ruwan sanyi. Wannan ne ya sa bazararmu take da haɗari iri biyu. A Maris da farkon Afrilu iska busasshiya ce, gumi yana bushewa tun kafin a gan shi, sai mutum ya ɗauka bai yi asarar ruwa ba, alhali farin gishirin da ya kwanta a bayan rigarsa da gefen hularsa yana ba da shaida. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu kuma, idan iskar kudu ta fara kawo danshi kafin ruwa ya sauka, gumi yana zuba sharkaf amma ba ya bushewa, saboda haka mutum yana asarar ruwa ba tare da ya sami sanyin da ya kamata ya biyo baya ba. A ganina waɗannan makonni na gab da damina su ne mafi muni, musamman a garuruwan bakin ruwa irin su Yauri, ga shi kuma lokaci ne da dare ma ba ya yin sanyi, wutar lantarki ba ta tsayawa, mutane suna kwana a tsakar gida suna juyi. Jikin da bai huce da dare ba yana shiga filin gobe da bashin zafin jiya.

Duniyar wasanni ta daɗe da karɓar wannan magana. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, a wasan Holan da Meziko da aka yi a birnin Fortaleza, alƙalin wasa ya tsayar da wasa domin 'yan wasa su sha ruwa su huce, kuma tun daga nan hutun shan ruwa na kusan minti uku a kowane rabi ya zama sananne a manyan gasanni. Gasar 2022 ta Qatar gaba ɗayanta aka ɗauke daga watannin Yuni da Yuli aka mayar Nuwamba da Disamba. A gasar guje-guje ta duniya ta 2019 a Doha, tsakar dare aka fara tseren dogon zango na mata domin a kauce wa rana, amma duk da haka 28 daga cikin 68 da suka fara ba su iya kammalawa ba. Tseren dogon zango na wasannin Olamfik na Tokyo ma sai da aka kai shi Sapporo a arewacin Japan saboda zafi. Waɗannan ƙwararru ne masu likitoci da motocin asibiti a bakin fili. Namu yaran kuwa da yawansu sun wuni a kan babur suna kabu-kabu ko a kasuwa ko wurin gini, wasu ko abincin rana ba su ci ba, sannan su ɗaura takalmi su shiga wasan minti 90.

Kada kuma a ce mu 'yan Sahel ne, zafi ba ya yi mana komai. A farkon Afrilun 2024, lokacin da ake cikin azumi, ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗayansa 130 ne. A Hajjin shekarar kuma hukumomin Saudiyya sun tabbatar da rasuwar alhazai fiye da 1,300, yawancinsu bayan doguwar tafiya a rana. Sabo da zafi gaskiya ne, amma yana da iyaka, kuma sabo da zama cikin zafi daban yake da sabo da gudu cikinsa. Jiki yana buƙatar kwana 7 zuwa 14 na horo sannu a hankali kafin ya koyi fara gumi da wuri, ya riƙa tsimin gishiri, jini kuma ya ƙaru. Shi ya sa waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne matasan da suke jin an buɗe ɗaukar soja ko 'yan sanda ko jami'an shige da fice, sai su tashi rana ɗaya su kama hanyar Argungu ko ta Kalgo da gudu, suna son su yi a mako guda abin da ya kamata su yi a wata biyu. Wanda zai fara, ya fara da minti 20 zuwa 30 na sassarfa, ya riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, kuma idan ya yi hutun mako biyu ko ya tashi daga jinya, ya ɗauki kansa a matsayin sabon shiga.

Na san uzurin da za a kawo, kuma ba uzurin banza ba ne. Za a ce da safe akwai makaranta da kasuwa da aiki, filayenmu ba su da fitilu, kuma dole a tashi kafin Magariba. To amma jinkirin ranar nan da ya cuce mu da La'asar shi ne yake rama mana da yamma, domin a Afrilu da Mayu rana ba ta faɗuwa a Kebbi sai wajen ƙarfe bakwai saura 'yan mintoci. Wasan da aka take ƙarfe biyar zai ƙare a kan kari, ballantana idan aka rage kowane rabi zuwa minti 35 ga manya, 25 ko 30 ga yara, wanda babu abin da ya hana a gasar da ba ta ƙwararru ba. A tsayar da wasa a tsakiyar kowane rabi a sha ruwa, a ƙyale canjin 'yan wasa ya yi yawa, masu jiran canji kuma a zaunar da su a inuwar dogon yaro ko a kafa musu rumfa. Abin da ya fi wannan duka shi ne a duba kalandar kanta. Muna da Nuwamba da Disamba da Janairu, watanni masu sanyi da babu ruwan sama, amma sai ka ga makarantu sun bar gasar guje-guje ta gidaje har ƙarshen zango na biyu, a tara yara a fili tun hantsi ana jiran babban baƙo, a yi fareti, sannan a sa su tseren mita 1,500 rana tana tsaka. Hukumomin ilimi za su iya gyara wannan da takardar umarni guda, ba tare da an kashe ko sisi ba. A cikin takardar a haɗa da hana horon tsallen kwaɗo da durƙuso a rana, domin jikin yaro bai san bambancin wasa da hukunci ba.

Ga mai motsa jiki shi kaɗai, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar Asuba da zarar gari ya waye, domin a nan ne zafin yini yake mafi ƙaranci, kwalta ma ta huce. Ban ba da shawarar fita cikin duhu ba, saboda motoci da kuma halin tsaro da kowa ya sani, kuma ya fi kyau a fita mutum biyu ko uku a hanyar da jama'a suke bi, ko a nufi fili irin na Haliru Abdu, domin idan wani abu ya sami ɗaya a sami mai taimako.

Sai batun ruwa, wanda a nan ne mai riƙe da usur yake shigowa. Har yau akwai masu horarwa da suke hana yara shan ruwa a lokacin atisaye, wai yana sa nauyin ciki ko yana kashe juriya, kuma akwai 'yan kallo da suke yi wa wanda ya nemi fita ihun rago. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma zai iya yin kisa. Mai gudu a irin zafinmu yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a awa guda, kuma da zarar asarar ta kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, wato kusan kilo ɗaya da rabi ga mai kilo 70, gudunsa da tunaninsa duka suna raguwa, don haka kocin da ya hana ruwa ƙungiyarsa yake raunanawa. Lissafin ba shi da wuya. Ledar ruwa guda rabin lita ce, jaka tana ɗauke da 20, wato lita 10. Idan 'yan wasa 22 kowanne ya zubar da lita ɗaya da rabi, an haura lita 30 ke nan, jaka uku da ɗoriya, ban da alƙalai da masu jiran canji. Amma abin da aka saba gani shi ne jaka ɗaya a gefen fili a cikin rana, wadda rabinta ma a ka ake zubawa. Kwamitin da ya iya sayen kofi da rago na kyauta ya iya sayen ruwa.

A sha leda ɗaya kamar awa biyu kafin a fara, sannan a riƙa kurɓa kowane minti 15 zuwa 20. Fitsari shi ne ma'aunin talaka: idan fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske to lafiya, idan ya yi duhu kuma ya ƙaranta to akwai bashin ruwa, idan kuwa ya koma kalar baƙin shayi bayan horo mai tsanani tare da ciwon tsoka, wannan maganar asibiti ce a ranar, domin alama ce ta tsoka tana narkewa kuma ƙoda tana cikin haɗari. Idan motsa jikin ya wuce awa guda, ruwa zalla bai wadatar ba, sai an mayar da gishiri. Ruwan gishiri da sukari da iyaye mata suka sani na gudawar yara yana aiki a nan ma, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko a sayi na ƙunshi a kemis. Bayan an tashi, fura da nono ko kunu ko kankana da abinci mai ɗan gishiri sun fi lemon kwalba amfani. Akwai kuma wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, domin wanda ya ɗura wa cikinsa lita huɗu ko biyar na ruwa zalla cikin ɗan lokaci yana iya tsinka gishirin jininsa har ya kai ga suma, saboda haka kurɓa a kai a kai ake so.

Tufafi ba sa buƙatar dogon bayani, masu haske marasa nauyi waɗanda iska take ratsawa, da hula. Abin da zan tsaya a kai shi ne masu sa rigar leda ko rigar sanyi a ƙarƙashin kaya wai don su rage tumbi. Abin da sikeli yake nuna ya ragu ruwa ne, zai dawo da zarar an sha, kitsen kuwa yana nan, sai dai an toshe wa jiki hanyarsa ɗaya tilo ta hucewa. Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu da suke tattaki da safe su zaɓi hijabi mai haske na yadi marar kauri maimakon baƙi mai santsi.

Akwai waɗanda ya kamata su fi kowa taka tsantsan. Dattawan da likita ya umarta da tattaki saboda hawan jini ko ciwon sukari kada su daina, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako ga baligi, amma su yi shi da sanyin safiya, kuma su tambayi likitansu game da magungunan da suke sha, tunda wasu magungunan hawan jini suna ƙara yawan fitsari. Wanda yake da zazzaɓi ko gudawa, ko bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, ya haƙura da fili ko da wasan ƙarshe ne. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da rukunin jini na AS, kuma ko da yake masu shi suna wasa lafiya har su zama zakaru, gudu mai tsanani ba hutu cikin zafi da ƙishirwa yana iya kayar da su farat ɗaya, don haka ya dace koci ya san wannan game da yaransa. Sai kuma ɗabi'ar haɗiyar ƙwayoyi kafin wasa. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak idan suka haɗu da ƙarancin ruwa suna cutar da ƙoda, tiramadol kuma da lemukan ƙara kuzari suna danne gajiyar da ita ce take gargaɗin mutum ya tsaya. Mai azumi, na Ramadan ne ko Sitta Shawwal ko na Litinin da Alhamis, ya bar motsa jiki mai nauyi sai bayan buɗa baki da awa ɗaya ko biyu, in kuwa dole ne kafin nan to ya zama tattaki marar wahala gab da Magariba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da yake faruwa bayan yaro ya faɗi. Nan take jama'a suke yi masa zobe har iska ta daina isa gare shi. Wani ya ɗaga ƙafafunsa yana girgizawa, wani ya nemo albasa ya kanga masa a hanci, wani ya ɓalle gwangwanin madara yana ƙoƙarin ɗura masa alhali haƙoransa a datse suke, idan kuma yana fizge-fizge yana surutan da ba a fahimta sai a ce iska ce, a koma neman mai ruƙiyya. Ban hana addu'a ba, a yi ta ana aiki, amma a san cewa wannan ruɗewar ita ce babbar alamar bugun zafi, lokacin da zafin cikin jiki ya haura digiri 40 har ya fara taɓa ƙwaƙwalwa. Akwai matakin da yake zuwa kafin nan, wato galabaita, inda mutum yake jin jiri da ciwon kai da tashin zuciya da ɗaurewar jijiyoyi amma yana cikin hayyacinsa. Wannan a kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa kaɗan, a sassauta kaya, a jiƙa shi, a ba shi ruwan gishiri da sukari yana kurɓa, kuma kada ya koma wasa a ranar ko da ya rantse ya warke. Idan rabin awa ta wuce bai samu sauƙi ba, a tafi asibiti. Amma da zarar ya fara tangaɗi, ko ya kasa faɗin inda yake, ko yaro mai ladabi ya hau zagin koci ba dalili, ko ya suma, to an shiga mataki na biyu. Kada a tsaya duba ko fatarsa ta bushe, domin wanda zafi ya buge a wurin gudu sau da yawa yana nan jiƙe da gumi.

A wannan hali ƙa'idar likitocin wasanni ita ce a fara sanyaya shi nan take a wurin, sannan a ɗauke shi, domin illar tana ƙaruwa ne da yawan mintocin da jiki ya yi cikin wannan zafi, kuma waɗanda aka sauke musu shi cikin rabin awar farko galibinsu suna tsira. Mafi sauri shi ne a tsoma jikinsa cikin ruwan sanyi har wuya, wani yana tallafe da kansa. Inda babu babban baho, a shimfiɗa tamfol a kwantar da shi a kai, mutane su kama gefe su ɗaga, a juye ruwa da ƙanƙara a ciki ana motsawa. Inda wannan ma bai samu ba, a tuɓe masa riga da takalmi, a yi ta kwara masa ruwan randa ko na rijiya ba ƙaƙƙautawa, wasu suna fifita da kwali ko faifai, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki, domin zai iya sarƙewa ya wuce huhu, kada a cusa cokali tsakanin haƙora, idan yana amai a juya shi ta gefe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi, saboda ba zazzaɓi ba ne. A ci gaba da jiƙa shi a cikin mota ko Keke Napep har a isa, kuma lallai a isa ko da ya farfaɗo, domin ƙoda da hanta suna iya nuna illa daga baya, sannan bazara lokacin sanƙarau ce, wadda ita ma takan zo da zafin jiki da ciwon kai da ruɗewa. Mutanen Zamfara da Sakkwato da Kebbi ba su manta da annobar 2017 ba, kuma ma'aikacin lafiya ne kaɗai zai bambance.

Duk abin da ake buƙata a bakin fili bai wuce duro ɗaya cike da ruwa a inuwa ba, da tamfol, da ƙanƙara a cikin kula, da abin hawa da aka san direbansa yana nan, da mutum guda wanda aka ba ikon tsayar da wasa ba tare da kowa ya ja da shi ba. Ina kira ga hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha da ma'aikatun ilimi da na wasanni da su mayar da waɗannan sharaɗi kafin a amince da kowace gasa tsakanin Maris da Yuni, su kuma haɗa kai da ma'aikatan lafiya a koya wa masu horarwa da malaman wasanni wannan taimakon gaggawa, wanda bai fi darasin yini guda ba. Masu unguwanni da 'yan siyasar da suke ɗaukar nauyin kofuna su ma suna da bakin magana, tunda wanda ya ba da kuɗi idan ya ce ƙarfe biyar babu mai musa masa.

Ga jaridarka kuma, ranka ya daɗe, ina da roƙo. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen zafi da gargaɗi a irin waɗannan watanni, amma galibi da Turanci, kuma ba ya isa ga kocin unguwa. Da za ku riƙa fassara shi kuna sa shi a shafin wasanni kusa da jadawalin wasannin mako, tare da ambaton Birnin Kebbi da Yauri da Gusau da Sakkwato, da masu shirya gasa sun sami abin dogaro idan suka yanke shawarar ɗage wasa zuwa ƙarfe biyar ko zuwa wata ranar.

Na gode da ba ni wannan fili. Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin wasanni,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.